Tambaya da Amsa: Alƙali ya ce a kamo ni a Amurka, ya zan yi?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan saƙonnin 'yan'uwanmu mazauna Amurka ne suka cika min waya, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato mutum an ba shi tikiti, takardar laifin mota da ɗan sanda ke rubutawa, ko sammaci, ranar kotu ta wuce bai je ba, yanzu yana jin ƙishin-ƙishin cewa alƙali ya ba da warantin kama shi, wanda a can suke kira benci waranti. Na ɗebo biyar daga ciki na cire sunaye kamar yadda muka saba. Ni aikina tafinta a kotu ba lauya ba, abin da nake gani kullum a ƙananan kotunan gari shi zan faɗa muku, inda maganar ta kai a nemi lauya kuma zan ce a nema.

Daga wani direba ɗan Maraɗi mazaunin Newark, jihar Niyu Jasi

Anti barka da aiki. Dan Allah ina cikin damuwa. Bara ɗan sanda ya tsaida ni a wani gari kusa da mu ya bani tikiti biyu, ɗaya na gudu ɗaya na takardar asurans da ban same ta a mota ba, an rubuta ranar da zan je kotu. Kafin ranar aka bugo min cewa tsohuwata ta rasu, na tafi gida sai da na yi wata uku, wallahi tikitin ya fita raina kwata-kwata, kuma da na dawo na canza gida. Yanzu wani abokina yace tabbas akwai waranti a kaina, duk inda na hango motar 'yan sanda sai gabana ya faɗi, ko aikin dare na daina. Ta ya zan san ko da gaske ne, kuma in na je kotun ba za su riƙe ni ba?

Amsa: Allah ya jiƙan Hajiya ya sa ta huta, ya ba ku haƙuri Malam. Toh ka kwantar da hankalinka, irin naka kullum sai na gani kuma yawanci a rana ɗaya ake warware shi.

Wannan warantin ba irin wanda 'yan sanda ke nema ba ne a kan wanda suke zargi da fashi ko wani babban laifi. Alƙali ne da kansa yake bayarwa in an kira sunanka a zaman kotu ba ka amsa ba, ko an yanka maka tara ba ka biya ba kuma ba ka zo ka yi bayani ba. Ba kasafai za a zo a buga maka ƙofa a kansa ba, yana nan dai kwance a kwamfuta, ranar da aka tsaida ka ko a kan fitilar baya ce da ta mutu, ɗan sanda ya buga lasisinka sai ya fito. Kuma baya tsufa, baya lalacewa, ko shekara goma ya yi yana nan har sai alƙali ya janye shi. Masu cewa ka bari kawai zai goge da kansa ba su san me suke faɗa ba. Gaskiya ne a watan Janairun 2019 Kotun Ƙolin Niyu Jasi ta kori tsofaffin ƙananan ƙararraki sama da 780,000, amma waɗannan sun haura shekara 15 ne a ajiye, naka na bara baya ciki.

Yadda za ka duba ba wuya. Nemo tikitin in yana nan, a samansa akwai sunan kotun garin da lambarta da lambar tikitin. Niyu Jasi tana da kotunan gari kimanin 500, kusan kowanne gari da tasa, don haka kotun garin da aka tsaida ka ita ke da maganarka, ba ta Newark inda kake kwana ba. Shafin NJMCdirect na jihar yana nuna tikitin mota in ka sa waɗannan lambobin da lambar motarka, kuma shafin kotunan jihar yana da wajen binciken ƙararrakin kotunan gari da suna ko lambar lasisi. In ka ga tikitin ya fito amma ya ƙi karɓar kuɗi, alama ce sai ka bayyana gaban alƙali. Amma abin da na fi so ka yi shine ka buga wa ofishin magatakardan kotun waya da safe, ka ba su sunanka yadda yake a lasisi da ranar haihuwa, ka tambaye su abu uku: akwai waranti, nawa aka sa beli, kuma ya ake samun sabuwar rana. Ba wanda zai kama ka ta waya. Ka ba su sabon adireshinka a take, don ina da yaƙinin sun aika maka wasiƙar gargaɗi tsohon gidan, a nan mutanenmu da yawa suke faɗawa rami, ana ƙaura ba a gaya wa kotu da ofishin lasisi.

Sai wani abu da ya fi warantin ma haɗari gare ka tunda da mota kake ci. In ba ka je kotu ba tana iya sanar da hukumar lasisi a dakatar da lasisinka, kai ba ka sani ba kana ta ɗaukar fasinja. Tuƙi da dakataccen lasisi a Niyu Jasi tarar dala 500 ce karon farko, karo na biyu har da kwana a gidan yari, ga kuɗin maido da lasisin dala 100. Ka duba matsayin lasisinka yau ɗin nan kafin ka sake kunna mota.

Maganar ko za su riƙe ka, wanda ya kawo kansa da ƙafarsa a kan tikitin mota da wuya ƙwarai a riƙe shi, abin da aka saba shine a janye warantin a ba ka sabuwar rana, ko a ce ka ajiye belin da aka sa. Tun 2022 ma babban lauyan jihar ya ba 'yan sanda umarni cewa warantin kotun gari da belinsa bai wuce dala 500 ba, galibi kar a kulle mutum, a ba shi sabuwar rana a sallame shi. Ka tafi da fasfonka mai hatimin fita da shiga, da tikitin jirgi, da takardar rasuwa in kana da ita, da takardar inshorar da ke nuna tana aiki ranar da aka tsaida ka, don rashin nuna takarda daban, tuƙi babu inshora sam daban, na biyun ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Kuma ka ce a kawo maka tafintan Hausa, kyauta ne, kar a ce maka ai kai ɗan Nijar ne ga na Faransanci ka ce toh alhali Faransancin naka na kasuwa ne.

Daga wata uwa 'yar Zangon Kumasi mazauniyar Bronx, birnin Niyok

Salamu alaikum 'yar'uwa. Ina wanke wandon yarona na tsinci wata takarda ruwan hoda a aljihu, ƙanwarsa ta karanta min tace sammaci ne na kotu kuma ranar ta wuce da wata biyar. Na tambaye shi yace wai hayaniya suka yi da abokansa a bakin titi ɗan sanda ya rubuta musu, wai ba komai bane kowa yar da tasa yake. Shekararsa 20 a nan aka haife shi. Ban gaya ma babansa ba saboda yana da hawan jini. Me zan yi?

Amsa: Hajiya komai ne, kar ki yarda da maganar yaro. Wannan takardar ruwan hoda a birnin Niyok sammacin kotun laifuka ce, kuma rashin zuwa yana jawo waranti. Laifin da kika kwatanta ƙarami ne a dokar jihar, bai kai a ce mutum yana da tarihin aikata laifi ba, sau da yawa ma alƙali korar ƙarar yake ko ya ce in yaro ya yi wata shida bai sake ba an goge. Amma da waranti a kansa, ranar da aka tsaida shi a tashar jirgin ƙasa kan wani abu daban, sai ya kwana a hannu kafin ya ga alƙali, in daren Juma'a ne kuma Allah kaɗai ya san wahalar da zai sha. A watan Agustan 2017 masu gabatar da ƙara na Bronx da Brooklyn da Manhattan da Queens sun sa an soke irin waɗannan warantin kusan 644,000 da suka shekara goma ko fiye, kin ga yawan waɗanda suka ce ba komai bane kenan.

Ki duba ƙasan takardar inda aka rubuta wurin zuwa. In an rubuta OATH wannan ba kotun laifi ba ce, tara ce ke ƙaruwa ba kamu ba. In kotun laifuka ta Bronx ce, tana lamba 215 a titi na 161 ta gabas, kusa da filin wasan Yankee. Ya tashi da sassafe ranar aiki, ya ɗau katin shaidarsa da takardar, ya je tagar magatakarda ya ce ya zo a janye masa waranti, a ranar ake shigar da shi gaban alƙali kuma akwai lauyan da kotu ke bayarwa ba ko sisi. In kina so ki ji daga bakin lauya tukuna, ƙungiyar Bronx Defenders da Legal Aid Society duk aikinsu kenan. Ki raka shi in za ki iya, amma shi zai tsaya ya yi magana, tunda ya wuce 18 ba za ki iya amsa masa ba. Maganar babansa kuwa, ni a ganina ki gaya masa bayan an gama kun dawo da takarda a hannu, ɓoyewa gaba ɗaya ba za ta yi daɗi ba in ya ji a bakin wani a masallaci.

Daga wata mai kitso a Atlanta, jihar Jojiya

Anti wani ya kira ni jiya yace shi ɗan sanda ne daga kotu, lambar da ta fito a wayata ma ta ofishinsu ce na duba, yace akwai waranti a kaina in ban biya dala 1,800 kafin yamma ba za su zo shago su tafi da ni gaban kwastomomi, yace in je in sayi katin kyauta, irin wanda ake zuba wa kuɗi a shago, in karanto masa lambobin. Ya san sunana da adireshina. Ban biya ba tukuna amma ko bacci ban yi ba.

Amsa: Alhamdu lillahi da ba ki biya ba ƙanwata, ɗan damfara ne, ko shakka babu. Babu kotun da ke karɓar tara da katin kyauta ko Bitcoin ko ta manhajar tura kuɗi ta Zelle zuwa asusun wani mutum, kuma ɗan sanda baya kiran mutum ya yi cinikin waranti da shi. Lambar da kika gani a fuskar waya ana iya ƙirƙirarta, suna da adireshi kuma sayensu ake a intanet. In ya sake kira ki kashe, kar ki biye masa ko da gardama ce. Don ranki ya kwanta, nemo lambar kotun birnin Atlanta da kanki daga shafin gwamnatin birni, ba wadda ya ba ki ba, ki kira ki tambaya. Ki kiyaye kuma da shafukan da ke cewa ki biya dala kaza su duba miki waranti, bayanansu sau da yawa tsoho ne, kotu kyauta take faɗa miki. In kuwa ya zamana kina da wani tsohon tikiti da gaske, ki sani a jihar Jojiya laifin tuƙi a sahun ƙananan laifuka yake ba tara kawai ba, don haka kar ki bar shi ya kwana.

Daga wani magidanci ɗan Kano mazaunin Houston, jihar Tekzas

Malama ni nawa daban ne, na je kotun, alƙali ya yanka min tara aka raba min biya wata-wata, na biya sau biyu sai aka sallame ni daga aiki. Ga haya ga yara huɗu ga 'yan gida suna jira. Yanzu wasiƙa ta zo wai an ba da umarnin kama ni saboda ban cika ba, kuma kuɗin ya ƙaru. Kunya da tsoro sun hana ni komawa tunda ba ni da abin da zan ba su. In je hannu rabbana?

Amsa: Eh Alhaji, ka je hannu rabbana, kuma wannan tambayar ita ta fi taɓa min zuciya duk cikin saƙonnin. Mutanenmu suna da wannan tunanin cewa ba a zuwa gaban mai bin ka bashi sai da ɗan abin da za ka miƙa, toh kotu ba haka take ba, rashin zuwan shi take hukuntawa fiye da rashin kuɗin.

Doka tana bayanka, kuma a garin da kake zaune ma aka kafa ta. Wani mutum mai suna Preston Tate an ci shi tarar dala 425 a Houston kan laifukan tuƙi tara, ba shi da kuɗi, aka tura shi gonar fursuna ya biya da jikinsa dala 5 kowace rana, kwana 85 kenan. A 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta ce wannan ya saɓa wa tsarin mulki, ba a maida tara ta zama ɗauri don kawai mutum talaka ne. A 1983 ta ƙara nanatawa a shari'ar Bearden da jihar Jojiya, shi ma Bearden ɗin aikinsa ya rasa kamar kai, kotun ta ce dole alƙali ya bincika ko mutum ƙin biya ya yi da gangan ko kuwa ba shi da shi, in ba shi da shi a nemo wata hanya. Ba wai ko'ina ake bin wannan sau da ƙafa ba. Rahoton da ma'aikatar shari'a ta Amurka ta fitar a watan Maris 2015 kan garin Ferguson na jihar Missouri ya nuna gari mai mutum kusan 21,000 amma sama da 16,000 ke da waranti a kotunsa, yawanci kan rashin zuwa ko rashin biyan ƙananan tara, an maida talakawa saniyar tatsa. Abin ya ɓata min rai lokacin kuma har yau yana ɓata min, amma bayan wannan fallasar jihohi da dama sun gyara dokokinsu, har da taku.

A Tekzas tun 2017 doka ta ce alƙali ya duba ƙarfin mutum, in ba zai iya biya ba akwai sake raba kuɗin ƙanana-ƙanana, akwai aikin al'umma a madadin kuɗi, akwai yafe wani ɓangare ko duka, kuma wanda ya kawo kansa da niyyar warware maganar ana janye masa warantin. Sai dai ba za a yi maka wannan kana gida ba, kuma alƙali baya aiki da rantsuwa, takarda yake so. Ka haɗa takardar sallama daga aiki, da takardar haya, da bayanan banki na watannin nan, da shaidar tallafin abinci ko na asibiti in kuna karɓa, da takardun haihuwar yaran, da rasit ɗin biyun da ka biya don su ne shaidar cewa ba gudu ka yi ba. Babbar kotun birnin tana lamba 1400 titin Lubbock, amma duba wasiƙar da kyau, in ta kotun gunduma ce can za ka nufa. In an shigar da kai ka faɗa ƙarara cewa ba ka da halin biya kana roƙon a duba ƙarfinka, kar ka tsaya kwana-kwana irin namu na wai insha Allahu ƙarshen wata, ka ɗau alkawarin da ba za ka iya cikawa ba a sake komawa gidan jiya. Adadin da ka san za ka iya ko da ba aiki, shi za ka faɗa.

Daga wani ɗan'uwa mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, a Columbus, jihar Ohayo

Anti ina shirin Umara da azumi kuma ina so in cike takardar zama ɗan ƙasa bana. Shekara uku da suka wuce an rubuta min sammaci kan wata rigima a wani shago da aka ce na ɗau kaya ban biya ba, ni kuma mantuwa ce, ban je kotu ba don tsoron kar a haɗa ni da 'yan shige da fice. Wani yace in je kawai in amsa laifi in biya a wuce wurin.

Amsa: Kar ka kuskura ɗan'uwa. Kai kaɗai a cikin mutum biyar ɗin nan zan ce kar ka taka kotu sai ka zauna da lauya, kuma lauyan da ya san dokar laifuka da ta shige da fice duka biyun. Tikitin gudu daban, zargin sata daban. Sata ko ta abin dala goma ce tana cikin laifukan da dokar shige da fice ke kallo a matsayin na rashin gaskiya, amsa ta na iya taɓa katinka, ta taɓa dawowarka daga tafiya, ta taɓa neman zama ɗan ƙasa. Kuma biyan tara amsa laifi ne a wajensu, ko da kai a ranka don a huta ka biya. Tun 2010 a shari'ar Padilla da jihar Kentaki Kotun Ƙoli ta wajabta wa lauya ya gaya wa wanda ba ɗan ƙasa ba in amsa laifi zai iya jawo a kore shi, don haka abu na farko da za ka faɗa wa lauyanka, ko na gwamnati ne, shine ni girin kad gare ni.

Duba ƙarar ba wuya, kotun gari ta gundumar Franklin da ke lamba 375 titin South High tana da shafin da ake bincike da suna, za ka ga lambar ƙarar da ko akwai waranti. Wannan lambar za ka kai wa lauya, shi zai rubuta wa alƙali roƙon a janye warantin a sa sabuwar rana, wani lokacin ma ba sai ka bayyana a wannan matakin ba, sannan ya nemi a kori ƙarar ko a sauya ta zuwa abin da ba zai cuce ka ba.

Umara kuwa ka dakata da sayen tikiti. Jami'an filin jirgi suna buga sunan duk mai shigowa a kwamfuta, ba kowane ƙaramin waranti ke fitowa ba amma kai ba ka da hanyar sanin ko naka zai fito, kuma filin jirgi shine wuri mafi muni da za a tare ka, ba lauya a gefenka. Takardar zama ɗan ƙasa ma, fom N-400, tana tambaya ko an taɓa kama ka ko an rubuta maka sammaci, ana ɗaukar zanen yatsu a aika wa FBI, in ka ce a'a suka gano, ƙaryar sai ta fi laifin illa. In an gama shari'ar ka karɓi takardar hukunci mai hatimin kotu daga magatakarda, ka karɓi kwafi biyu ko uku, ɗaya za ka haɗa da fom ɗin, ɗaya ka riƙa tafiya da ita cikin fasfo, kuma ka bar lauyan ya duba ta kafin ka sa ranar tafiya.